Jandarma a Ƙarƙashin Rake

Abin da ya sami Munkaila mai rake ranar sunan jikar Malam Ɗahiru, ita kanta jaririyar in ta girma sai an zaunar da ita an ba ta labari.

Karensa ne sanadi. Jan kare ne, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sunansa Jandarma, shekara bakwai yana gadin lambun raken Munkaila a fadama. To, tun da damina ta ɗauke ƙaiƙayi ya sa Jandarma gaba. Ya sosa da ƙafa, ya sosa da haƙori, ya goga da katanga, har gashi ya soma zuba, fata ta fito fili kamar tsohuwar salka. Wani mai facin taya a tashar Matameye ya rantse wa Munkaila cewa baƙin man da ake zubarwa a garaji shi ne maganin abin. Munkaila ya ciko gwangwani, ya shafe kare tun daga hanci har wutsiya. Mai ya hau cin Jandarma kamar an zuba masa barkono. Ya zaga gida, ya rasa inda zai sa ransa, sai ya tarar da farar shaddar maigidansa da aka shimfiɗa bisa tabarma, ya haye ya miƙe ƙafafu ya yi kwanciyarsa.

Da sassafe Munkaila ya suri riga ya zura, bai duba baya ba, ya tafi wurin suna ya nemi sahun gaba a ƙarƙashin rumfar kara. Duk wanda ke bayansa ya ga kare cikakke a gadon bayan dattijo: ga kai, ga ƙafa huɗu, ga wutsiya ta lanƙwaso wajen aljihu. Ba a gama cin dariyar wannan a ɓoye ba, ƙumar da Jandarma ya bari cikin riga ta tashi aiki. Fatiha ta farko Munkaila ya daure. Ta biyu ya ɗan muskuta. Ta uku ya jingina da gwafar rumfa ya shiga goga baya, sama da ƙasa, ido a rufe. Gwafa ta goce. Rumfa ta sauko gaba ɗayanta bisa liman, da farantin goro, da dattawa goma sha wani abu.

Kafin azahar magana ta sake kama. Aka ce kare da ya zama baƙi ƙirin, ba gashi, yana gudu yana cizon kansa, ai hauka ce. Mai unguwa ya aiko: nan da ranar kasuwa, ko a tabbatar masa lafiyar kan karen nan, ko ya sa a kashe shi.

Washegari da hantsi sai ga Munkaila yana turo baro, an tula rake a kai an rufe da ganye, ya tsaya ƙofar gidan Kande. Kande taubashiyarsa ce, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Marigayi mijinta maharbi ne da ya taɓa riƙe karnuka tara a lokaci guda, ita kuwa yanzu sabulun salo da man kaɗanya take sayarwa a bakin zaure.

"...ina kwana, tsohuwa. Kin tashi da kanki, ko sai da aka ɗaga ki?"

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Ina gajiyar rumfa?"

"Wace rumfa?"

"Wadda ka yi dambe da ita da gadon baya. An ce har yanzu liman na tsintar kara cikin rawani."

"Rumfar nan gara ta cinye ta tun kina da haƙora. Ni gargaɗi na yi musu, da ta faɗo kan yara fa?"

"Allah ya saka. An ce kuma ka fito da sabon ɗinki. Mutane na sa wa riga aska biyu, kai ka sa kare."

"Masu ido suka yaba. Ke da ba ki gane jikanki sai ya yi magana, wa ya nuna miki?"

"Har Tsauni labarin ya kai, a kan kabu-kabu. Me ke tafe da kai? Ka san bawa ba ya tsayawa ƙofar uwargijiyarsa hannu banza."

"Rake na kawo miki."

Kande ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta dube shi, ta dubi baro, ta dubi sama ko hadari ya haɗu.

"Rake? Kai? Shekara sittin na san ka, Munkaila, ko tuƙar da ka tofar ba ka taɓa bar mini ba. Likita ya ce kwananka sun ƙare?"

"Sadaka ce. Malam ya ce a riƙa tunawa da gajiyayyu."

"Sauke, to."

"A'a, bar shi tukuna ya sha iska." Ya gyara tsayuwa ya tare tsakaninta da baron. "Dama kuma sabulu nake so. Da ɗan man kaɗanya. Na Salamatu ne, matata. Ƙaiƙayi ke damunta."

"Salamatun da muka yi rawa da ita jiya a gidan suna, fatarta na sheƙi?"

"Ciki-ciki ne abin."

"Ayya. A ina yake cin ta?"

"Bayan kunne. Da gwiwar hannu. Da ƙasan ciki. Da gindin..." Ya yi tari.

"Gindin me?"

"Wuya."

"Gashi na zuba?"

"Kamar ana shara."

"In ta tashi susa, da hannu take yi, ko da ƙafar baya?"

Munkaila ya buɗe baki zai rantse, sai baro ya amsa masa. Ƙwan-ƙwan-ƙwan-ƙwan! Wani abu a ƙarƙashin rake ya shiga dukan ƙarfe da sauri kamar makaɗin kalangu ya ga mai kyauta. Ganye ya yi ta rawa. Sandar rake ɗaya ta gangaro ta faɗi a ƙafar Kande.

"Rakenka na susa, Munkaila."

"Sabon iri ne. Daga Yauri na samo."

"Yana da wutsiya ma, ga ta nan ta leƙo. Salamatu, fito mu gaisa!"

Ganye ya buɗe, kai ya fito, baƙi, yana maiƙo, kunne ɗaya a tsaye. Jandarma ya dubi Kande da jajayen idanu, ya yi ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ya juya ya kafa haƙori a cinyarsa.

Dariyar da ta taso wa Kande a nan ta tsaya. Ta matso, ta sunkuya, ta shinshina, ta ɗago fuska a murtuke.

"Man mota? Kai, wane la'ananne ya ba ka wannan shawara?"

"Wani masani ne a tasha."

"Masanin taya! Shi in jikinsa ya yi ƙaiƙayi man garaji yake wanka da shi? Dabba na da ƙuraje a buɗe, ka zuba masa wuta a kai, yana lasa yana haɗiyewa. Da ka bar shi kwana uku haka, da mai unguwa bai sha wahalar aiko kowa ba. Wallahi da uban yaran nan na raye, da kai zai shafe da shi ya jingine ka a rana."

"To na yi kuskure. Sai ki tara gari ki yi shela."

"Ka riga ni, da bayan riga. Sauko da shi."

Ta leƙa zaure ta fito da tsohon kasko, ta cika shi da ruwa daga tulu, ta ajiye a ƙasa ta ja da baya. Munkaila ya rungumo kare ya sauke. Ya san abin da take nufi, kowa a garin ya san abin da ake cewa game da mahaukacin kare da ruwa. Wai ba ya iya shan sa. Jandarma ya tako yana tangaɗi, ya sa baki, ya sha, ya sha, har harshensa na karta gindin kasko, sannan ya ɗago ya kaɗa wa Kande wutsiya.

"Ka gani? Ya fi ka hankali. Kai da aka ba ka ruwa a gidan suna bayan rumfa ta faɗi, ƙin sha ka yi ka gudu. Kai ya kamata mai unguwa ya bincika."

Munkaila ya sauke numfashi. Ya zauna bakin dakali ba a ce ya zauna ba, ya cire hula ya share goshi.

"Kande, bar wasa. Karen nan bara ya tsaya tsakanina da kububuwa cikin rake. Ƙafata ta rage taki ɗaya. Shi ya sha saran a leɓe, bakinsa ya kumbura kamar tulu, kwana shida ina ɗura masa kunu da ludayi. Yanzu a ce in tsaya ina kallo a sa masa sanda don yana susa?"

Kande ta dubi leɓen karen. Ta gyara ɗaurin zane.

"Ashe kububuwar ce ta yi rashin sa'a. Da kai ta sara, da ita ta kwanta kwana shida. Tashi, malalaci, ɗebo ruwa a rijiya. Guga huɗu."

"Ni? Dattijo da jikoki?"

"Bawa da jikoki. Ɗan mace ne kai ko ba ɗan mace ba? Ubana ne ya goyi uwarka. Ɗebo."

"Matar da na ƙi aure ke aikena yau. Duniya."

"Ka ƙi? Kai da ka zo zance da takalmin aro, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, babana ya ce a ba ka tuwo ka koma?"

"Tuwon ne ya kore ni. Na ce in wannan hannun zai riƙa yi mini girki, gara in auri garwa."

Yana magana yana jan guga. Ta sa ya kai kare inuwar bedin da ke ƙofar gida, ta yanko sabulun salo mai kauri ta jefa masa, ita kuwa ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna nesa kaɗan, ta ɗauki sandar raken nan da ta faɗo tana nuni da ita kamar malamin lakwal a gaban allo.

"Ba da ƙarfi ba! Tukunya kake wankewa? A hankali, da tafin hannu. Kauce wa ido. Ɗauraye. Sake sa sabulu. Sai man nan ya fita tas, ko da za ka kai la'asar."

"Ko Salamatu ba ta taɓa samun irin wannan hidima daga gare ni ba."

"Shi ya sa ta fi son karen a kanka. Buɗa gashin wuyan nan in gani. Ka ga baƙaƙen nan masu tsalle? Ƙuma ke nan, 'yan'uwan waɗanda suka raka ka suna. Duba cikin kunne. Wannan mai kumburin ciki kaska ce, kada ka fizge, kama ta daf da fata ka ja a hankali, kan ya fito tare. Jefa ta cikin garwashin can. Yawwa. To wannan ɓawon da ke gefen kunne da gwiwa, shi ne babban. Kirci ne."

"Sabulunki zai kashe shi?"

"Sabuluna wanki yake yi, ba ƙarya nake sayarwa ba kamar mai rake da ke cusa busasshe a tsakiyar dami. Zan dafa maka ganyen bedi, in ya huce ka riƙa ɗauraye shi da ruwan, yana kwantar da ƙaiƙayi. Inda fata ta tsage ka shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan. Kuma ba kullum za ka riƙa dirza shi ba, fata ta bushe ya koma susa. Ina yake kwana?"

"Bisa buhunan da ke bukkar lambu."

"Tun yaushe buhunan ke nan?"

"Tun... ai buhuna ne masu ƙarko."

"Tun auren fari ke nan. Ƙone su yau. Ka share bukkar, ka zuba toka, ka sa masa sabuwar shimfiɗa, kana shanya ta a rana. In ka wanke kare ka mayar da shi kan tsummansa, wankin banza ka yi. Me kake ba shi ya ci?"

"Abin da ya rage."

"A gidanka abu na ragewa? Kai da kake suɗe kwano har sai ka ga fuskarka? Dubi haƙarƙarinsa, mutum zai iya ƙirga su daga Kance. Je wurin mahauta ka karɓo masa ƙashi da tarkace, ka haɗa masa da tuwo. Karen da ya ƙoshi fatarsa ba ta saurin karɓar ciwo."

Ruwa ya yi ta sauka baƙi, ya koma toka-toka, ya koma fari. Jan Jandarma ya soma dawowa a wuraren da gashi ya saura. Ya girgije jiki ya watsa wa Munkaila ruwa har cikin hanci, Kande ta yi dariya har da dukan cinya.

"To shi ke nan," in ji Munkaila yana matse hannun riga, "mun gama. Mayar da shi zan yi, in rufe da ganye, in bi ta bayan gari."

"Ka gama me? Kirci cikin fata yake zaune, ba a bisa ba. Sai allura. Gidan elbaj za ka kai shi, wurin likitan dabbobi, ya duba shi, ya yi masa ta kirci, in ya ga da hali ya haɗa da ta rigakafin hauka, ya rubuta maka takarda. Ruwan da ya sha ni ya gamsar, mai unguwa kuwa hatimi yake ganewa."

Fuskar Munkaila ta faɗi.

"Elbaj? Inda Alhazai ke kai shanu da raguna? In shiga layi da kare a baro? Ki ce dai in bar garin."

"Wane mutunci ya rage maka da kake tattali? Rumfa ta tafi da shi."

"To da magariba, in ƙafa ta ɗauke."

"Da magariba likita ke jiranka? Yanzu. Kuma ba ganye, ba rake. Ta bakin tasha za ka bi, ka wuce ta ƙofar mai unguwa."

"Ke dai so kike a yi mini dariya."

"Ina so, ba zan ɓoye ba, rabona da nishaɗi irin wannan tun da jaki ya kayar da kai a idi. Amma saurara, kan kabewa. Ɓoyon da kake yi shi ke sa a ce hauka ce. Wa ke rufe lafiyayyen kare da ganye? Bari su gan shi zaune a baro yana kaɗa wutsiya, ka tsaya gaban masu shayi ka ba shi ruwa ya sha a idonsu. Ni kuma zan saka mayafi in je in gaya wa mai unguwa da bakina: ni Kande, da na yi shekara talatin cikin karnuka tara da maharbi ɗaya, na ce wannan kirci ne. Ya musa in ji."

Munkaila ya dubi kare. Kare ya dube shi, ya ɗaga ƙafar baya zai yi susa, ya fasa, ya kwanta a inuwa ya ɗora haɓa bisa takalmin maigidansa. Rabonsa da kwanciya shiru haka an fi wata biyu.

"Sauke raken," in ji Munkaila a hankali. "Duka naki ne."

"Da ma nawa ne. Bawa da kayansa na wa?" Ta tashi ta kwaso sauran sabulun, ta ɗebo man kaɗanya cikin ɗan gwangwani ta ɗaure da leda, ta tura masa. "Ungo. Ba don kai ba, don Jandarma. Rabi nasa, rabi naka, don na ga tun ɗazu kana goga baya da bedina. In ka kayar mini da itace sai na kai ka gaban alƙali."

Ta sunkuya ta rungumi rake da ganyensa, wanda kare ya kwanta a ciki tun daga fadama, ta kai zaure. Ta dawo ta kwashi na biyu. A na uku ta tsaya, ta ɗan karkata kafaɗa. Ta kai hannu bayan wuya. Ta mayar. Ta sake kaiwa, wannan karon da farce. Can sai ga Kande 'yar namiji, uwargijiyar bayi, ta ja da baya a hankali ta jingina da bakin ƙofar zaure, tana ɗan hawa tana sauka, fuska a ɗaure kamar ba ita ba.

"Me kake kallo? Tsayuwa na gyara."

Munkaila bai yi dariya ba. Ya ɗora Jandarma a baro, ya matsar da shi gefe guda da kyau, ya kakkaɓe ɗaya gefen da hularsa, ya riƙe hannayen baro ya tsaya.

"Hau, tsohuwa, akwai wuri. In mun je zan ce wa likita biyu na kawo. Mai wutsiyar ba ya cizo, a yi masa a hankali. Ɗayar kuwa sai an ɗaure mata baki kafin a soka."